Hoton Biki a Daren Hunturu: Inda Na Kai a Koyon Aiki da Ƙarancin Haske

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoto, a wannan karon zan yi muku bayanin inda na kai a kan aiki cikin ƙarancin haske, domin a watan Disamba maigidana a sana'a ya tafi da ni a matsayin mai riƙe kyamara ta biyu zuwa wani biki da aka yi a wani tsohon gidan masu hali a karkarar Cotswolds da ke Ingila. Irin waɗannan gidaje sun zama wuraren ɗaurin aure ne bayan dokar aure ta 1994, wadda ta ba da damar a ɗaura auren hukuma a gine-ginen da aka amince da su, ba sai a ofishin rajista ba. A da kuma doka ta taƙaita ɗaurin aure tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, sai a 2012 aka ɗage wannan ƙa'ida. Masu gidajen sukan rage kuɗin haya a lokacin sanyi, saboda haka duk mai son wannan sana'a a can dole ya iya aiki a cikin duhu.

Abu na farko da maigidana ya sa ni yi tun kafin ranar shi ne duba lokacin faɗuwar rana. A tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa a kudancin Ingila wajen ƙarfe 4 na yamma ko kafin haka kaɗan, yinin bai cika awa 8 ba, kuma ko da tsakar rana ba ta hawa sama sosai, tana rakuɓe ne a gefen kudu. Wanda ya saba da Kano, inda ko a hunturu sai wajen ƙarfe 6 ake kiran magariba, zai iya zaton yana da sauran lokaci alhali ba shi da shi. An sa ɗaurin auren ƙarfe 3, wanda ke nufin cewa kafin a gama a fito, hasken da ya rage bai wuce na minti 30 ba. Don haka muka roƙi ango da amarya su yarda a ɗauki hoton gidan da lambunsa da na shirin amarya tun da rana, a mayar da hotunan dangi cikin gida, a keɓe mana kuma ɗan lokaci bayan faɗuwar rana mu fita da su su biyu kawai. Sun amince ba tare da gardama ba, kuma wannan shiri na takarda da biro ya fi duk wani kayan aiki da muka ɗauko amfani.

Darasin da na fi so in isar muku shi ne wanda na daɗe ina ji amma sai a wannan gida ya zauna mini: hasken wurin shi ake fara aunawa, filashi yana zuwa ne daga baya ya cike giɓin da ya rage. Mutanen da suka zaɓi yin biki a irin wannan gida a lokacin sanyi sun biya kuɗinsu ne saboda wutar murhu da kyandirori da fitilun da ke rataye a rufi da katakon bango mai duhu. Idan mai hoto ya ɗora filashi a kan kyamara ya harba shi kai tsaye, fuskoki za su yi fau, bayansu ya yi baƙi ƙirin, hoton ya fito kamar an haska mutum da tocila a cikin rumbu, duk abin da ya sa aka zo gidan ya ɓace. Tsarin da na bi shi ne in kashe filashin tukuna, in saita kyamara har ɗakin ya fito yadda ido ke ganinsa ko ya ɗan fi duhu kaɗan, sannan in kunna filashin a ƙarfinsa mafi ƙanƙanta in riƙa ƙarawa har fuska ta fito.

A ɗakin ɗaurin aure ma babu zancen filashi, domin jami'ar rajista ta ce ba ta so, kuma haƙƙinta ne. Mai hoto mai hankali yakan je ya gaishe ta ya tambayi ƙa'idarta kafin baƙi su zauna. Na yi amfani da gilashin gaban kyamara (lens) mai milimita 50 da ke buɗewa har f/1.8 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), wanda yake shigar da haske kusan ninki 10 na abin da ƙaramin gilashin da ake sayar da kyamara da shi ke shigarwa a f/5.6. Na tsayar da saurin ɗauka a 1/125 na daƙiƙa domin kada motsin hannu ko na kai ya ɓata hoton, na bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta samu, ya kai 3200, a kusurwar da ta fi duhu har 6400. Na san da yawa daga cikinmu muna jin tsoron ɗaga ISO saboda ɗigo-ɗigon da yake sa wa hoto, amma ra'ayina a yanzu shi ne hoto mai ɗigo wanda idon amarya ya fito tar a cikinsa ya fi hoto mai santsi wanda fuska ta jirkice. Ana iya rage ɗigon a kwamfuta, jirkicewa kuwa ba ta da magani.

Launin haske shi ne wurin da na fi daɗewa ina nazari. Harshen kyandir yana wajen 1900 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, fitilun gida masu ɗumi suna tsakanin 2700 da 3200, filashi kuwa yana kusa da 5500, wato kamar hasken rana. Idan aka haɗa su a hoto guda ba tare da gyara ba, sai fuska ta fito fari-fari mai sanyi, bango ya yi jajawur, kuma duk yadda ka juya a kwamfuta, in ka gyara ɗaya sai ɗayan ya lalace. Maganin ɗan abu ne mai araha: 'yar leda mai ruwan goro da ake mannawa a bakin filashi, wadda take mayar da haskensa kusa da na fitilun ɗakin. Da na manna ta na saita launin kyamara a 3200, sai hasken biyu suka zama ɗaya, ɗakin ya riƙe ɗuminsa, rigar amarya ta fito fara. Duk da haka na ɗauki komai a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi ba da damar gyara a kwamfuta, saboda cikin baƙin akwai masu duhun fata irin namu, kuma idan mutum baƙi ya tsaya kusa da farar riga, kyamara takan bi rigar ta duhunta fuskarsa. A irin wannan hali na riƙa auna hasken a kan fuskar, in duba kada ɗinkin rigar ya ƙone, sauran in daidaita daga baya.

Dabarar jefa hasken filashi a rufi ya dawo a tausashe, wadda muka saba da ita a ɗakunan taro masu farin sili, ba ta yi aiki a babban zauren ba. Rufin yana da tsawo ƙwarai, ga katako mai duhu da ke shanye haske ya kuma dawo da abin da ya rage da launin ƙasa-ƙasa. Ku tuna cewa idan nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka don hoton dangi maigidana ya jera mutane a kan matakalar bene, ya kafa filashi biyu a kan sanduna da fararen laima, ya rufe gilashi zuwa f/5.6 domin na sahun gaba da na baya duk su fito. Aikina a nan shi ne kiran sunaye daga takarda da gyara tsayuwa, kuma na ga yadda jerin da aka rubuta tun da wuri yake hana tsofaffi daɗewa a tsaye.

Da rana ta faɗi muka fita da ango da amarya. A wannan yanki na duniya hasken da ke biyo bayan faɗuwar rana yakan ɗauki fiye da rabin awa kafin duhu ya rufe, sama ta yi shuɗi mai zurfi, tagogin gidan kuma suna ci da haske ruwan zuma a jikin dutsen ginin. Mun gama saita komai kafin a kira su, ni na tsaya a gurbinsu aka gwada hasken a kaina, domin amarya ba za ta iya jure sanyin fiye da 'yan mintoci ba. Maigidana ya auna sama da tagogi, ya sa ni riƙe filashi ɗaya a bayansu daidai kafaɗa, ɗaya kuma yana gefen gaba da ledarsa mai ruwan goro. Hasken bayan ya zana gefen mayafin amarya, ya kuma kama tururin numfashinsu a lokacin da ango ya faɗi wata magana ta yi dariya. Da yake launin kyamara yana 3200, shuɗin saman ya ƙara zurfi, fatarsu kuma ta fito daidai.

Sanyi yana da nasa sharuɗɗan a kan kayan aiki. Batir yakan yi saurin sauka a waje, don haka na ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki kusa da jiki. Kyamarar da ta yi sanyi kuma idan aka shigar da ita ɗaki mai ɗumi sai raɓa ta lulluɓe gilashin, gogewa ba ta hana ta dawowa. Abin da muka yi shi ne barin kyamara ɗaya a cikin gida, wadda aka fita da ita kuma aka sa ta a jaka aka zuge har ta ɗumama a hankali.

Akwai matsala guda da ban gama shawo kanta ba. Ƙananan fitilun ado na LED da aka zagaye ɗakin cin abinci da su suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, kuma da na sa kyamara a tsarin ɗauka marar ƙara lokacin jawabai domin kada in dami masu sauraro, sai ratsi-ratsi suka bayyana a wasu hotunan. Wutar lantarkin Ingila tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin ta Najeriya da Nijar, shi ya sa sauka zuwa 1/100 ko 1/50 ya rage ratsin, komawa tsarin ɗauka mai ƙara kuma ya kusan kawar da shi. Sai dai 1/50 ya yi jinkiri ga mai jawabin da ke motsa hannu, saboda haka har yanzu ina neman matsakaici.

A filin rawa na gwada jinkirta ɗauka zuwa 1/15 tare da saita filashi ya tashi a ƙarshen ɗaukar, ta yadda fitilu za su ja layi a baya, masu rawa kuma su tsaya cak. Wasu hotunan sun yi kyau, amma kyamarar ta riƙa laluben inda za ta kama a cikin duhu, lokuta masu kyau suna wucewa. Wannan shi ne abin da na sa a gaba yanzu: kowane dare ina kashe fitilun falo in bar kyandir biyu, in sa gilashi mai milimita 35 a f/4, in tsayar da nisansa da hannu a mita biyu, sannan in koyi matsawa da ƙafata ina riƙe wannan tazara tsakanina da wanda ke tafiya a gabana. Wanda ya taɓa gwada wannan hanya a cikinku, ina so in ji nisan da ya fi yi masa aiki da kuma ƙarfin filashin da ya tsaya a kai.