"Ai ba da gangan na yi ba"

Makon jiya a unguwarmu a Kubwa, maƙwabcina ya haƙa ramin sokawe a ƙofar gida, ya rufe da ruɓaɓɓen kwano guda, ya tafi Kano biki. Da magariba wani almajiri ya taka, kwanon ya lotsa, yaro ya karye a ƙafa. Da maigidan ya dawo, abin da yake ta nanatawa shi ne, "Wallahi Malam, ba da gangan na yi ba." Na ce, "Alhaji, ai ba wanda ya ce ka yi niyya. Amma sau nawa aka ce ka sa bulo?"

Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja ta raba niyya da sakaci da tsautsayi. Sashe na 221 na wanda ya kashe mutum da niyya ne, ko yana sane cewa abin da ya yi galibi kisa zai jawo, hukuncinsa kisa. Wanda sakacinsa ya jawo mutuwa ba a kashe shi, amma ɗauri na nan. Sashe na 48 kuma yana wanke mai tsautsayi ne kawai in ya yi taka-tsantsan yadda ya kamata, kuma nan ne kwanon Alhaji ya kasa.

A Islamiyya ma mun karanta a Suratun Nisa'i, aya ta 92, cewa kisan kuskure akwai diyya da kaffara.

Alhaji dai ya biya mai ɗori. Jiya na ga an sauke bulo ashirin a ƙofarsa.