Shekara guda ina bitar wasan cike gurbin kalmomi

Littafin rubutu mai shafi tamanin na saya, na ɗaura niyyar duk ranar da na gama wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times zan rubuta abin da na gani a cikinsa. Ni malamin Turanci ne a sakandare, kuma don ƙara yawan kalmomi na faɗa harkar. Yawancin kwanaki suna sakin sabon wasa da ƙarfe goma na dare agogon New York, wato wajen ukun dare ko huɗu a nan, saboda haka ina idar da sallar asuba yana jirana a waya.

Ga wanda bai taɓa yi ba, fili ne kamar na dara, gida 15 a kwance, 15 a tsaye, wasu an shafe su da baƙi. Na ranar Lahadi gida 21 ne kowane gefe. Ana ba ka tambayoyi, kana zuba amsa harafi ɗaya a gida ɗaya, kuma kowane harafi na kalma biyu ne, ta kwance da ta tsaye. Tun 1942 jaridar take buga shi, ya koma na kullum a 1950. Na Litinin shi ne mai sauƙi, yana ta ƙara tauri har Asabar.

Watanni biyun farko ba abin da ke cikin littafina sai mintoci da ƙorafi. Wata Alhamis ce ta sauya ni. Na tabbata na san amsa, amma haruffanta takwas, gidajen kuwa biyar. Na goge, na sake, shayina ya huce. Can na lura kalmar da ta ratsa ta ita ma ta yi wa gidajenta yawa, kuma a daidai wuri ɗaya. Ashe ƙaramar kalma guda ake cusawa a gida ɗaya, kuma an yi haka a wurare huɗu. Alhamis ranar dabara ce, ban sani ba. Daga ranar na daina rubuta mintoci, na koma neman jigo.

Jigon yana zaune a dogayen amsoshi, uku zuwa biyar, waɗanda wani abu ya haɗa su, sau da yawa da wata amsa can ƙasa da ke zama mabuɗi. Abin da nake fara dubawa shi ne ko duk sun bi ƙa'ida ɗaya. In uku sun ɓoye sunan dabba a tsakiya, ta huɗu ta ɓoye shi a ƙarshe, zan rubuta cewa maginin ya yi sakaci. Sai in duba ko maganganu ne da mutane ke faɗa da bakinsu, ko an ƙirƙiro su ne don su cika gida. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne jigo yana da farashi. In an cika shi da yawa, sauran filin sai ya koma tarkacen gajerun kalmomi masu yawan wasula, irin su OREO da ERIE da ALOE da EPEE, waɗanda kullum sai an sake haɗuwa da su. Juma'a da Asabar galibi ba su da jigo, shi ya sa kalmominsu suka fi tsabta.

Ma'aunin da nake gwada kowane jigo da shi shi ne wasan ranar zaɓen Amurka, 5 ga Nuwamba 1996, wanda Jeremiah Farrell ya gina. Tambayar tsakiya tana neman babban labarin jaridar gobe, kuma ko CLINTON ka rubuta ko BOB DOLE, wato manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu, duk sun zauna daram, domin kowace tambaya bakwai da ta ratsa wurin tana karɓar amsa biyu. Ɗaya ta ce baƙar dabbar bikin Halowin: CAT (kyanwa) ta yi, BAT (jemage) ma ta yi. Na nemo shi na warware da hannuna, na jima ina kallonsa.

Inda na fi gyara alƙalamina shi ne wajen ɗora laifi. Da, duk sunan ɗan wasan ƙwallon gora na Amurka da ya kayar da ni sai in ce zalunci ne. Amma MALI da CHAD da TOGO da EMIR da IMAM ina zuba su ba tunani, alhali wani a can gumi yake yi a kansu. Yanzu ba na kiran abu aibi sai in baƙin sunaye biyu ne suka gitta juna, harafin da suka haɗu a kai ba hanyar cankarsa. Masu harkar suna ce wa wannan Natick, sunan wani ƙaramin gari a jihar Masacuset da ya taɓa faɗowa haka a 2008.

A hutun ƙarshen zango na ce bari in gina wa ɗalibaina na Hausa, gida bakwai bakwai. Tambayoyin sun zo da daɗi, tunda muna da kacici-kacici, kuma rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, sai “gari” ya zama na zama ko na tuwo. Na yanke cewa ƙ da k gida daban ne, ts da sh kuwa gida biyu-biyu. Layin ƙarshe ne ya tsayar da ni. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, to kalmomin tsaye suna sauka ƙasa sai layin ya zama a, i, u, a, ba kalmar da za ta fito. Kwana uku ina fama kafin na koma tsarin jaridun Ingila, inda ba kowane harafi ne ke gittawa ba. Ranar Litinin na zana shi a allo, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ta biyar a tsaye, fara ta ci ce ko ta farawa?”