Asabar a Gaban Matar da Ba Ta da Fuska

Yau na shafe kusan awa uku a ɗakin baje kolin zane-zane, inda wani mai zane na wannan zamani ya rataye ayyukansa, kuma har yanzu da dare ya raba hotunan ba su bar idona ba. An rage hasken ɗakin da gangan, kowane zane da 'yar fitilarsa daga sama, ta yadda mutum yakan ji kamar mutanen da ke cikin firam ɗin ne suke fitowa daga duhu su tarye shi.

Duka mutane aka zana da fentin mai a kan ƙyalle, amma irin mutanen da ba a gamuwa da su sai a mafarki. Wani wuyansa ya yi tsawo fiye da kima, wasu kuma suna tsaye cikin ruwa har ƙugu a tsakiyar ɗakin kwana. Da farko raina ya ƙi su, domin na zaci mai zanen neman tsorata masu kallo kawai yake yi, kuma gaskiya akwai guda biyu ko uku da ya cika su da ƙoƙon kai da jini har suka rasa nauyi.

Zane ɗaya ne ya sauya mini ra'ayi. Wata mata ce zaune a kan kujera, an lulluɓe fuskarta da farin ƙyalle, hannuwanta a kan cinya. Na matsa kusa har mai gadi ya nuna mini layin da ba a ƙetarewa, sai na ga ashe duhun da ke bayanta ba baƙi ba ne zalla. Akwai ruwan ƙasa a ciki, da kore mai duhu, da wani ja da ke leƙowa daga can ƙasa, domin an shafa fentin ne siriri-siriri hawa a kan hawa, ana barin kowane ya bushe kafin a ɗora na gaba, aikin da ke cin makonni saboda fentin mai ba ya saurin bushewa. A kan hannuwan nan ya zuba dukkan ƙwarewarsa: jijiyoyi sun taso, kuma babban yatsan dama ya danne na hagu har farcen ya yi fari. Duk wanda ya taɓa zaman jiran labarin majinyacinsa ya san wannan riƙon, kuma ni ma da na gane shi sai da jikina ya yi sanyi.

A nan ne Francisco Goya, shahararren mai zanen ƙasar Spain, ya faɗo mini a rai, wanda tsakanin 1819 da 1823, yana tsoho kuma kurma, ya yi baƙaƙen zanensa goma sha huɗu a jikin bangon gidansa da ke bayan garin Madrid, sai bayan rasuwarsa aka mayar da su kan ƙyalle, yanzu suna gidan tarihi na Prado da ke Madrid. Takardar bayanin da ke bakin ƙofa ta danganta mai zanen yau da salon suriyalizim, wato zana abubuwa kamar yadda suke zuwa a mafarki, wanda marubuci Bafaranshe André Breton ya shelanta a Paris a 1924, amma ni na fi ganin kusancinsa da Goya, saboda baƙin cikin da ke cikin aikinsa ya fi wasan mafarki yawa. Na kuma ji daɗin yadda mai zanen yau ya bar yawancin zanen ba suna, kamar yadda mai zane Zdzisław Beksiński na ƙasar Poland ya saba yi, don kada suna ya riga ido yanke hukunci.

Da aka sanar da cewa an kusa rufewa, na koma gaban matar nan karo na uku. Sai a lokacin na lura da inuwarta a jikin bango: ita tana zaune, amma inuwar a tsaye take, ta juya wajen ƙofa.