Tarihin Rayuwar Karl Ove Knausgård, Kashi na 4: Littattafai Shida Cikin Shekara Uku

A makon jiya mun tsaya a 2004, lokacin da littafi na biyu na marubucin ɗan ƙasar Norwe Karl Ove Knausgård ya fito, yana zaune a ƙasar Suwidin bayan ya bar Norwe a 2002. Daga nan sai alƙalami ya cije. Ya shafe shekaru yana neman ƙirƙiro labari a kan mahaifinsa, wanda giya ta yi ajalinsa a 1998 a gidan kakar Karl Ove da ke garin Kristiansand a Norwe, amma duk abin da ya rubuta sai ya ji bai yarda da shi ba.

A farkon 2008, yana da shekara 39, ya sauya salo. Ya daina ƙirƙira, ya daina ado. Ya koma rubuta abin da ya faru yadda ya tuna shi, da sunansa da sunayen mutanen gaskiya. Dabarar kuwa sauri ce: ya ƙayyade wa kansa yawan shafukan da zai cika kullum, ba ya komawa baya don gyara, har wani lokaci yakan kai shafi 20 a rana. Abin da ya rubuta kuma sai ya karanta wa abokinsa Geir Angell Øygarden ta waya. Dalilin saurin a fili yake. Marubucin da ya tsaya auna kowace jimla kunya za ta kama shi ya goge, shi kuwa abin kunyar ne kayan aikinsa.

Da ya kai wa editansa Geir Gulliksen na kamfanin ɗab'i na Oktober rubutun farko, kusan shafi 1,200, an fara tunanin a kasa aikin gida 12, a riƙa fitar da ɗaya duk wata. Daga baya aka daidaita a kan shida. Sunan da ya sa musu, Min kamp (wato Gwagwarmayata), shi ne sunan littafin Hitila a harshen Norwe, kuma wannan kaɗai ya isa tayar da ƙura. Uku sun fito a 2009, biyu a 2010, na shida a 2011. Jimilla sun kai shafi 3,600 ko kusa da haka. Na biyar, mai shafi sama da 500, cikin mako takwas ya rubuta shi.

Inda aka samu matsala shi ne wajen sunaye. Kafin a buga na farko, an aika wa waɗanda aka ambata a ciki don su gani. Ɗan'uwan mahaifinsa ya fusata, ya ƙaryata yadda aka siffanta gidan, ya yi barazanar zuwa kotu. Abin da ya ƙona masa rai shi ne dogon sashen da Karl Ove da wansa Yngve suka shiga gidan bayan rasuwar, suka tarar da kwalabe birjik, tufafi sun ruɓe, kakar tasu ta rikice tana zaune cikin ƙazanta, suka ɗauki tsumma da bokiti suna wankewa ɗaki bayan ɗaki. A ganina nan ne rubutun ya fi ƙarfi, kuma nan ne ya fi tona asirin gida. Kamfanin ya sauya wasu sunaye, aka cire sunan mahaifin. Duk da haka dangi 14 na wajen uba suka rubuta wa jaridar Klassekampen wasiƙa suna kiran aikin adabin cin amana.

Kasuwa kam ta buɗe. Na farko ya ci kyautar adabin Norwe ta Brage a 2009, kuma an sayar da kusan kwafi rabin miliyan na jerin littattafan a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyar ba a lokacin. 'Yan jarida suka bazama neman duk wanda aka ambata. Wannan ya shafi aikin kansa, domin littattafan baya-baya an rubuta su ne marubucin na sane da cewa ana jira a binciki kowane suna. Mai karatu zai lura na uku zuwa na biyar, masu ba da labarin ƙuruciyarsa a tsibirin Tromøya, da shekarar da ya koyar a arewacin Norwe, da zamansa a Bergen, sun fi taka tsantsan.

Na shida ya wuce shafi 1,000. A cikinsa akwai sharhi na kusan shafi 400 a kan Hitila, da bayanin rikicin da na farko ya haifar, da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kwantar da matarsa ta lokacin, marubuciya Linda Boström Knausgård, a asibiti. Auren ya mutu a 2016.

A mako mai zuwa za mu duba yadda fassarar Don Bartlett zuwa Turanci, wadda ta fara fitowa a 2012, ta kai shi Ingila da Amurka.