Ruwa ba ya tsami banza: abin da nazarin ɗabi'a ya koya mini a aji

A duk abin da na karanta lokacin da na je ƙaro ilimi kan koyar da yara masu buƙata ta musamman, babu wanda ya canja mini salon aiki kamar tambayoyi biyu da masu nazarin ɗabi'a a aikace, wato ABA, suke fara yi: me ya faru kafin yaro ya yi abin da ya yi, me kuma ya biyo baya?

Mu malamai ba haka muka saba ba. In mun zauna hira a ofis, sai ka ji an ce wane taurin kai gare shi. Da me ka gane? Ba ya jin magana. To me ya sa ba ya jin magana? Ai taurin kai. An zaga an dawo inda aka tashi, an laƙaba wa abin suna an ɗauka an gano dalilinsa. In kuma aka rufe da "hali zanen dutse", shi ke nan, babu sauran aikin da ya rage wa malami. Wannan fanni ya ginu ne a kan cewa ɗabi'a tana da sababi, sababin nan ana iya nemo shi, kuma mafi yawansa yana cikin abin da ke kewaye da mutum, inda ido zai gani hannu kuma zai iya taɓawa.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1898 Edward Thorndike ya sa kyanwoyi a akwati ya lura cewa aikin da ya haifar da sakamako mai daɗi shi dabba ke maimaitawa. Pavlov a Rasha ya yi nasa da karnuka da dalalar miyau. John Watson ya fito a 1913 ya ce ilimin halayya ya tsaya ga abin da ake iya gani a auna. B. F. Skinner, da ɓerayensa da tattabarunsa, shi ya tsara dokokin ƙarfafa ɗabi'a, wato yadda lada ke sa a maimaita aiki, tun daga littafinsa na 1938. Sai a 1968 malamai uku na Jami'ar Kansas a Amurka, Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley, suka shimfiɗa sharuɗɗa bakwai da aiki zai cika kafin a kira shi ABA. Biyu na riƙe gam: dole abin da za a canja ya zama mai amfani ga rayuwar mutumin, dole kuma ka nuna cewa abin da ka yi ne ya kawo canjin.

Labarin da ya fi zaunar mini da wannan a rai shi ne na matar tsintsiya, wanda Teodoro Ayllon da Eric Haughton suka wallafa a 1965. Wata mata ce da ta daɗe a asibitin masu taɓin hankali, mai shan taba. Aka tsara cewa ma'aikata su riƙa ba ta sigari duk lokacin da take tsaye riƙe da tsintsiya. Ba a jima ba ta zama ba ta rabuwa da tsintsiyar. Daga nan aka gayyato likitocin ƙwaƙwalwa biyu da ba su san abin da aka ƙulla ba, aka ce su duba. Ɗayansu ya kwararo fassara mai zurfi, har da cewa tsintsiyar na iya zama ɗan da take wa kallon nata, ko sandar mulkin sarauniya. Da aka daina ba da sigarin a kan riƙon tsintsiya, sai ta ajiye abarta. A yau babu kwamitin da'a da zai yarda a yi wa majinyaci haka, kuma ban ga laifinsa ba. Amma abin da labarin ya nuna yana nan: bayani na iya yin daɗin ji, ya fito daga bakin ƙwararre, ya kasance ba shi ne ba.

Shi ya sa suke da ƙa'idar fara bincike daga bayani mafi sauƙi. Yaron da ba ya magana ya fara dukan kunnensa, a duba ko ciwon kunne ne. Wanda ba ya kwafar aiki, a gwada ko yana ganin allo. Wanda ke rigima kullum kafin tara, a tambaya ko ya karya kumallo. A wajenmu, inda akan yi saurin cewa iska ce ko sammu, wannan ƙa'ida ba ta ce kowa ya bar abin da ya yi imani da shi ba. Jeri kawai ta gyara: a fara da haƙori da kunne da yunwa.

Aikin Brian Iwata da abokansa na 1982 a Baltimore shi ne ya fi shiga ajina kai tsaye. Sun ɗauki mutum tara masu larurar da ke sa su ji wa kansu ciwo, suka riƙa sauya musu yanayi: wani lokaci in sun yi a kula su, wani lokaci in sun yi a janye aikin da aka ba su, wani lokaci a bar su su kaɗai, wani lokaci wasa kawai. A shida daga cikin taran, abin ya fi yawa a yanayi guda takamaimai, kuma yanayin ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Dukan kai iri ɗaya ne a ido, amma wani kulawa yake nema da shi, wani gudun aiki yake.

Akwai wani yaro da na koyar, da zarar an ce a fito da littafin rubutu sai ya watsar da komai a ƙasa, a kuma fitar da shi waje kamar yadda aka saba. Da muka fara rubuta abin da ke gaba da abin da ke baya a takarda, sai ga shi ƙarara: ba ya yi lokacin waƙa, ba ya yi lokacin zane, sai rubutu. Korar da ake kira horo ita ce ladansa. Muka rage yawan layin da ake ba shi, muka koya masa ɗaga wani kati in yana son hutu, watsi da littafi kuwa ya daina fitar da shi. Da farko abin ƙaruwa ya yi, har mai taimaka mini ta ce, "Malama, anya ba mu ƙara lalata shi ba?" Littattafan sun riga sun faɗa cewa haka kan faru in aka toshe hanyar da ta saba biya. Daga baya ya lafa.

Ko da ya lafa, fannin bai yarda in ce ni ce ba sai da hujja. Wataƙila an canja masa magani, wataƙila babansa ya dawo daga tafiya. Hanyar tabbatarwa ita ce a auna kafin a fara, a shigo da dabara, a janye ta, a sake dawo da ita, a ga ko ɗabi'ar na hawa da sauka tare da ita. Haka Vance Hall da abokansa suka yi a 1968 suka nuna cewa kulawar malami ga ɗalibi lokacin da yake karatu tana ƙara masa zama kan aiki. Inda janyewa ke da haɗari, kamar yaro mai buga kai da bango, akan fara dabarar a wuri ɗaya a jinkirta ta a wani, a kwatanta.

Wani abokin karatuna ya taɓa tsayar da malaminmu da tambayar da ke ran yawancinmu: in kowace ɗabi'a sababi ne ya haifar da ita, ina zaɓin ɗan Adam, ina ƙaddara? Gaskiya Skinner ya yi nisa a nan, domin a rubutunsa na 1971 ya musanta 'yancin zaɓi yadda muka san shi. Ni ban bi shi can ba, kuma aikin bai buƙaci in bi shi ba. Abin da nake buƙata da safe in na shiga aji shi ne in ɗauka akwai dalili, in neme shi. Riƙo da sababi ba baƙo ba ne a tarbiyyarmu.

Ƙa'idar ƙarshe da suke koyarwa ita ce kada a daina shakkar abin da aka gano, kuma fannin da kansa ya fi kowa buƙatarta. A 1987 Ivar Lovaas ya ba da rahoton cewa yara 9 cikin 19 masu larurar otizim, wadda ke shafar magana da cuɗanya da mutane, da aka yi wa horon awa 40 a mako sun kai matsayin takwarorinsu a makaranta. Aka yi ta yayatawa. Masu bincike sun soki yadda aka raba yaran rukuni-rukuni ba da ƙuri'a ba, kuma horon na wancan lokaci ya haɗa da tsawa da mari a cinya. Yanzu manya masu otizim da dama suna cewa an tilasta musu barin kaɗa hannu da sauran abubuwan da ke kwantar musu da hankali, don kawai su yi kama da kowa. Ina ganin kukansu abin saurare ne. Gwaji zai gaya maka dabara ta yi aiki, ba zai gaya maka ko ya dace a yi ba. Wolf da kansa ya rubuta a 1978 cewa a riƙa tambayar mutanen da abin ya shafa ko burin da hanyar sun karɓu a wurinsu.

Misali ƙarami: tsare-tsaren da ke zuwa mana daga waje sukan sa kallon ido cikin ido a sahun farko na abin da za a koya wa yaro. A gidan Bahaushe, yaron da ya ƙura wa babba ido ana masa faɗa ne a kan rashin kunya. Da na tambayi mahaifiyar wata ɗalibata abin da take so a fara da shi, ba ta ambaci ido ba. Cewa ta yi 'yarta ta iya zagayawa da kanta, ta kuma iya nuna inda ke mata ciwo. Da su muka fara, na shata layuka a takardar awo, na ba ta guda ta tafi da ita gida.