Darbejiyar da na sare a yammacin gida

Shekara shida ke nan da na sa aka sare darbejiyar da ke yammacin gidana a unguwar Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Maginin da ya yi mini katanga ne ya ce saiwarta za ta tsaga ginin. Na yarda, aka kira mai inji, kafin la'asar ta koma itacen girki. Da bazara ta kama, ɗakin yara, wanda bangonsa ke kallon faɗuwar rana, ya daina shiguwa. Ƙarfe goma na dare in ka ɗora tafin hannu a bangon sai ka ji kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu. In aka ɗauke wuta mu kwaso tabarmi mu fito tsakar gida, nan ma babu sauƙi, domin na riga na malale shi da siminti tun daga ƙofar falo har bakin rijiya.

A watan Afrilun shekarar na kai yaran Kafin Madaki wajen Inna. Ɗakinta ginin tubali ne, rufin soro da azara, kaurin bangon ya fi kamu guda. Rana tsaka, garin kamar zai kama da wuta, amma kana sunkuyawa ka shiga sai sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Randa na lungu a kan jiƙaƙƙen yashi, jikinta na tsatsafo da ruwa. Autata, wadda ƙurajen zafi suka feso wa a wuya da gadon baya, ta kwanta a tabarma ta yi barcin da ta kwana biyu ba ta samu ba. Inna ta shafa wuyan yarinyar, ta ɗago ta dube ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, wa ya ce maka ana sare itacen da ke tare wa ɗaki rana?"

Ban da amsa. Amma tun daga ranar nake lura da yadda zafi ke shiga gida. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan rana, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki yamma ta yi. Da daddare ya amayar da shi, shi ya sa mutanen zamanin da kan kwana a waje da bazara, su koma ɗaki in asuba ta gabato. Bulon siminti siriri ne, nan da nan zafi ke ƙetare shi. Kwano kuwa tun hantsi yake gasa iskar da ke tsakaninsa da silin, ita kuma ba ta da hanyar fita. Itace aikinsa biyu: ya hana rana taɓa bango, ganyensa kuma ya riƙa fitar da danshi yana sanyaya iska, kamar dai yadda randar Inna ke sanyaya ruwanta.

A garin nan na Kafin Madaki akwai Gidan Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, mutumin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizon soron ya ɗaga kai zai ga yadda aka bar wa iska mai zafi sarari ta hau sama. Abin da ke ci mini rai shi ne yau mun mai da ginin ƙasa alamar talauci. Na san wahalarsa, kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, ga giginyar da ake fasa azara ta yi wuya. To amma a Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da rufin ɗakin ya bar iska tana ratsa tsakani. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini a duniya.

Ni ba ni da halin rushe gida in sake. Abin da na iya shi na yi. Na fasa rabin simintin tsakar gida, na zuba yashi, na dasa mangwaro da zogale. A yamma na kafa rumfar zana jikin bangon yara, soso ya hau ya lulluɓe ta. Na sa kafinta ya huda ƙananan kafofi a ƙarƙashin kwano, gabas da yamma, aka sa musu raga saboda jemage. Sannan na dasa darbejiya biyu, wannan karon taku bakwai daga katanga.

Dashe ba wuya, reno ne aiki. Makwabtanmu na Gombe sun fara shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, kuma ina jin daɗin ganin itatuwan bakin titi duk lokacin da na je. Sai dai a lungun unguwa babu mai tsare maka tsiro daga awaki in ba kai ba. Nawa na kewaye su da ragowar bulo da ƙaya, ruwan alwala da na wanke shinkafa duk gindinsu yake tafiya. Ɗaya ta mutu a ranin farko, na sake wata.

Bana babbar ta zarce katanga. Da ƙarfe huɗu na yamma inuwarta na kaiwa tagar yara, har Malam maƙwabcina ya fito da bencinsa ƙarƙashinta. Makon jiya ya tambaye ni inda na samo dashen, na ce ya bari ruwa ya sauka, akwai 'ya'ya uku da suka tsiro a gindinta zan cire masa.