Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Abin da Kawu Ya Kira Ganye

A makon jiya na tsaya a daren da muka kai Auta asibiti yana karkarwa, bai san wanda ke riƙe da shi ba. Kafin in ci gaba sai na koma kan maganar Kawu, domin har yau tana ci mini rai. Ranar da na kai masa ledar da na tsinta a aljihun yaron, shinshinawa ya yi ya miƙo mini, ya ce, "Ganye ne kawai, ƙuruciya ce, zai bari."

Ashe ganyen mayafi ne. Sinadari ake haɗawa, a narkar da shi, a fesa a kan busasshen ganye, a sayar da sunan Spice ko K2. A 2008 masu bincike a Jamus suka gano JWH-018 a cikinsa, sinadarin da aka fara haɗawa a Jami'ar Clemson ta Amurka domin bincike kawai.

Likitar da ta duba Auta ce ta zaunar da ni, ta zana mini ƙwaƙwalwa a bayan takarda. Ta ce akwai wasu ƙofofi a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira CB1, waɗanda sinadarin wiwi yake buɗewa rabi-rabi, wannan kuwa wangale su yake yi, kuma sun fi yawa a sashen da ke adana abin da mutum ya koya da sashen ƙeya mai daidaita tafiya. Daga baya na karanta cewa a Turkiyya an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shansa da na'urar MRI, aka ga ɓangaren mai launin toka ya ragu a wasu wurare, farin zaren da ke haɗa sassan kuma ya samu tawaya. Sashen ƙwaƙwalwa na goshi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Auta yana da 17 lokacin da Kawu ya ce ganye ne kawai.

Shekara huɗu ke nan da Auta ya bari. Shekaranjiya ya shigo ɗakina, ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon bango, sannan ya ce, "Yaya, me ma na zo ɗauka?" Yaron da a da shi ke tuna wa Baba lambobin waya da ka. Kawu ya zo dubiya sau ɗaya a wancan kwanciyar asibiti, na gaishe shi yadda ya kamata, ban ɗaga maganar ba. Abin da Inna ta faɗa masa a bakin ƙofa shi zan kawo mako mai zuwa.